Ɗalibin da ba mai tambayarsa: a buɗe masa ƙofar godiya



Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Bayan haka, ya 'yan'uwa masu bibiyar wannan zaure, tunatarwarmu ta yau ta shafi wasu bayin Allah da muke tsayawa sahu ɗaya da su sau biyar a yini, alhali da yawanmu ba mu san sunayensu ba. Ina nufin ɗalibai baƙi: almajirin allo da mahaifinsa ya kawo ya damƙa wa malam ya juya, da ɗan lakwal da ya baro rugarsu ko ƙauyensu ya zauna a gidan wani saboda karatu, da yaron da gudun hijira ya kawo garin nan ya girma a ƙarƙashin tamfol.

Ana ciyar da su gwargwadon iko, wannan ba abin musu ba ne, Allah Ya saka wa masu yi. Sai dai akwai yunwar da tuwo ba ya kashewa, ita ce kaɗaici. Yaro ya wuni ya kwana a tsakiyar mutane, amma in ya ɓace yau sai an kwana biyu kafin wani ya lura, kuma rabonsa da ya ji babba ya kira shi da sunan da aka raɗa masa har ya manta. Ra'ayin da zan kafa wa hujja shi ne cewa maganin wannan ciwo mafi kusa da hannunmu shi ne mu tsara wa yaran nan hanyoyin da za su riƙa gode wa mutane, kowane da sunansa, su taka har ƙofarsa, mu kuma manya mu koyi tsayawa mu karɓi godiyar. Na san wani zai ce an juya zance: yaron da ba shi da komai, shi ne kuma za a ɗora wa aikin godiya? A yi haƙuri a bi ni sannu.

Duk wanda ya zauna a Tumur ya san yadda yaran nan suka taru a wurinmu. Tun ƙarshen 2014 mutanen Damasak da Malam Fatori suka fara tsallako Komadugu. Ranar 6 ga Fabrairun 2015 aka kawo hari Bosso da Diffa, kuma kafin shekarar ta ƙare an rufe makarantun boko sama da 150 a jihar. Bayan harin Bosso na 3 ga Yunin 2016 kimanin mutum 50,000 suka bar gidajensu, da yawansu da ƙafa suka tako kusan kilomita 30 har garin nan. Sannan daren 12 ga Disamban 2020, ana gobe zaɓen ƙananan hukumomi, musibar ta sauka a kanmu: aƙalla mutum 27 suka rasu, ɗaruruwan gidaje da kasuwa suka ƙone, ƙasa ta yi makokin kwana uku. A lokacin hukumar kula da 'yan gudun hijira ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta baƙin da Tumur ke ɗauke da su sun haura 30,000. Allah Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya sa ƙarshen wahalar ke nan. Jaririn da aka goyo daga Bosso a 2016, yau shi ne ke riƙe da allo a bayanka a masallaci.

Almajirci ba baƙo ba ne a ƙasar Barno da kwarin Komadugu, da shi kakanninmu suka haddace Alƙur'ani. Amma a da yaro yana da igiyar da ke ɗaure da shi da gida. Mahaifinsa zai zo bayan kaka da ɗan hatsi da kuɗin malam, fatake za su kawo saƙon uwarsa, da damina ya koma gona. Yau garin wasunsu kufai ne, na wasu hanyarsa ba ta biyuwa, kuma dokar ta-ɓacin da aka kafa a Fabrairun 2015 ta hana hawan babur tsawon shekaru, alhali da shi talaka ke zumunci. Igiyar ta tsinke, mu kuma muka ci gaba da mu'amala da yaran kamar tana nan.

Wasu suna ɗaukar kaɗaici cutar Turawa ce, ta tsoho mai zaman bene shi da karensa. Gaskiya ne Birtaniya ta naɗa minista don wannan matsala a 2018. Amma rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a watan Yunin 2025 ya nuna mutum ɗaya cikin shida a duniya yana fama da kaɗaici, kuma abin ya fi yawa a tsakanin matasa da kuma ƙasashe matalauta. Da mu ake ke nan. Cunkoson jama'a ba ya hana shi. Ka shiga tsangaya da dare cikin hunturu, yara talatin a gefen wuta ɗaya, za ka sami wanda tun safe bai yi magana da kowa ba sai karatunsa.

Mene ne ya ware wannan yaro? Maraici da nisan gida suna ciki, amma akwai wani abu da ba mu cika lura da shi ba: rayuwarsa duka karɓa ce. A ƙofar gida an ce masa "almajiri, ungo". A wurin rabon kayan agaji shi lamba ce a jikin kati. A gidan mai masaukinsa ana lissafa shi cikin bakunan da ake ciyarwa. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sanar da mu fifikon hannu mai bayarwa a kan hannu mai karɓa, kuma zuciyar ɗan Adam tana jin wannan tun kafin a karantar da ita. Wanda kullum hannunsa ne a ƙasa yakan fara ganin kansa kaya ne a wuyan mutane, wanda kuwa yake ganin kansa kaya sai ya janye jiki, ya rage magana, ya zaɓi ƙarshen sahu. Ƙarin tuwo ba ya warkar da wannan. Sai ya sami abin da shi ma zai miƙa, a karɓa daga hannunsa da mutunci.

Wannan damuwa ta taɓa kama mutanen da suka fi mu. Abu Dawuda da Tirmizi sun ruwaito daga Anas, Allah Ya ƙara masa yarda, cewa Muhajirai sun je wurin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, suna faɗin irin ɗawainiyar da Ansar suke yi da su, har suna tsoron kada mutanen Madina su kwashe ladan gaba ɗaya. A duba da kyau, ba yunwa ta kai su ba, nauyin karɓa ne ya dame su. Sai ya kwantar musu da hankali da cewa hakan ba zai faru ba muddin suna yi wa Ansar addu'a suna yaba musu. Ya nuna musu ke nan cewa baƙon da ya bar dukiyarsa a Makka yana da abin biya, kuma abin biyan yana da nauyi a mizani. Addu'a da yabo su ne jarin wanda ba shi da jari. Yaranmu na Tumur suna da wannan jari a aljihu, sai dai ba mu nuna musu kasuwar da za su kai shi ba.

Ta fuskar hukunci kuwa, godiya ga mutane ba ƙawa ba ce da ake ƙarawa in an ga dama. Hadisin Abu Huraira, wanda Abu Dawuda da Tirmizi suka fitar, ya ɗaure godiyar Allah da godiyar mutane, har wanda ya bar ta biyun ba a lissafa shi ya cika ta farkon. A Suratu Luƙman, aya ta 14, Allah Ya gwama gode maSa da gode wa iyaye. A hadisin Ibnu Umar an umarci wanda aka yi wa alheri ya rama, in bai sami abin ramawa ba ya yi ta addu'a har sai ya ji a ransa ya biya. Yaron da bai balaga ba alƙalami bai hau kansa ba, saboda haka nauyin koyar da shi yana wuyan wanda ke riƙe da shi, kamar yadda nauyin koya masa alwala yake. Ba mu taɓa cewa yaro zai iya alwala da kansa in ya girma ba. Muna kawo buta, mu tsuguna, mu nuna masa. Me ya sa godiya kaɗai muka bar wa sa'a, sannan in ya girma bai iya ba mu kira shi butulu?

Imamu Gazali, a babin haƙuri da godiya na Ihya'u Ulumid Din, ya bayyana cewa godiya tana haɗuwa ne daga sani, da halin da sanin ke haifarwa a zuciya, da aikin da ke biyo baya. Sanin ne farko: ka san ni'imar, ka san ta hannun wa ta iso gare ka. A nan ya kamata malaman allo da na Islamiyya da na lakwal su fara, kuma ba ya cin ko dala. Ranar Laraba kafin a tashi hutun mako, malam ya ware ɗan lokaci ya tambayi kowane ɗalibi mutum ɗaya da ya yi masa alheri a wannan mako, da sunansa, da abin da ya yi. Kada a karɓi "jama'ar gari" ko "duk Musulmi". A matsa har ya ce mai shayin bakin tasha da ya ƙara masa burodi, ko tsohuwar da ta ɗinke masa riga, ko gardin da ya gyara masa wasali a allo bai dake shi ba. Makon farko wasu za su yi shiru su ce babu. Wannan shirun kansa ilimi ne ga malam, domin ya nuna masa yaron da ya kamata ya sa wa ido. Mako na uku za ka ga yaron ya fara lura, saboda ya san za a tambaye shi. Wanda ya wuni yana neman wa ya kyautata masa, da wanda ya wuni yana ƙirga wa ya wulaƙanta shi, gari ɗaya suke zagayawa amma ba abu ɗaya suke gani ba.

Daga nan sai a rubuta. Ɗan allo ya rubuta da ajami, ɗan lakwal da boko, layi uku ko huɗu sun isa: sallama, abin da aka yi masa, addu'a, sunansa da sunan mahaifinsa da garinsu. Ina jaddada wannan na ƙarshen. Matar da ta shekara biyu tana zuba wa yaro abinci tana kiransa "almajiri", ranar da ta ji shi wane ne ɗan wane daga Abadam, daga ranar ya tashi daga almajiri ya koma ɗan mutane. Ranar Alhamis da babu karatu sai a kai takardar da ƙafa. Wanda aka kai wa bai iya karatu ba, yaron ya karanta masa da bakinsa, hakan ma ya fi. Su tafi bibbiyu, da rana, cikin gari, don halin tsaron da muke ciki, kuma 'yan mata su kai wa mata kawai da sanin malamarsu. Tafiyar bibbiyun tana da wata fa'ida: wanda ya raka ka ka faɗi abin da ke ranka a gaban babba, ya zama abokin sirrinka.

Masu binciken halayyar ɗan Adam sun gwada irin wannan. A 2005 Martin Seligman da abokan aikinsa a Amurka sun sa mutane su rubuta takardar godiya ga wanda ya taɓa kyautata musu, su kai masa hannu da hannu. Sun ga farin cikin masu rubutun ya ɗaga sosai, ya kai wata guda, amma zuwa wata uku ya koma inda yake. Ban kawo wannan don ya ƙarfafi hadisi ba, hadisi ba ya buƙatar mai tallafa masa. Na kawo shi ne saboda wancan komawar. Tana nuna cewa bikin godiya na rana ɗaya a shekara, da rumfa da lasifika, ba zai yi aikin ba. Nana A'isha ta ruwaito, kamar yadda yake a Buhari da Muslim, cewa aikin da Allah Ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne. Takarda ɗaya a wata, shekara ta zagayo yaro yana da ƙofofi goma sha biyu da aka san sunansa a bayansu.

Babban shingen da za mu ci karo da shi namu ne na gida, wato kunya. Bafulatani yana ganin bayyana buƙata ko abin da ke zuci rauni ne, Babarbare da Bahaushe ma ba a bar su a baya ba. Akwai uban da ba ya kiran sunan ɗansa na fari, balle ɗan ya zauna gabansa ya ce na gode. Kunya alheri ce, ba na kiran a yar da ita. Amma kunyar da ke hana isar da haƙƙi ba ita shari'a ta yaba ba. A hadisin Miƙdam bin Ma'adikarib an umarci wanda ke son ɗan'uwansa ya sanar da shi, ba a ce ya bar abin a ciki ba. Wani bincike na 2018 da Amit Kumar da Nicholas Epley suka yi ya gano cewa masu rubuta godiya sukan zaci abin zai zama da nauyi da jin kunya ga wanda aka aika wa fiye da yadda yake zama, kuma sukan raina yawan daɗin da zai ji. Mu ma mun san haka a aikace. Dattijon da zai ɗaure fuska ya ce "to, to, ya isa, tashi ka tafi", shi ne zai ninke takardar ya sa a aljihun gaba ya nuna wa abokansa a majalisa.

Kuma al'adarmu ta riga ta tanadi hanyoyin da kunya ba ta toshe su. Akwai aike: yaro ya gaya wa ƙanen uba ko goggo, su isar. Akwai godiyar gaɓɓai, wadda malamai suka lissafa tare da ta zuciya da ta harshe: ɗalibai su haɗu ranar Alhamis su share ƙofar tsohon da ke ba su ruwa, ko su taya mai masauki tsinkar tattasai lokacinsa, da niyyar tukuici, a faɗa masa a fili cewa godiya ce aka zo yi. Akwai tsohon tsarin uwar ɗaki, inda almajiri ke da gida ɗaya da yake yi wa aike ana ba shi abinci, a yi masa wanki in ya yi ciwo a nemo shi. Wannan tsari ya raya dubban mahaddata, kuma ya lalace ne a inda ya koma aikatau zalla, ba sani ba sabo. A dawo masa da ransa: ranar da yaro ya kai wata sura babba, ko ya yi sauka aka yi wa allonsa zayyana, ƙofar uwar ɗakinsa ce ta farko da zai kai allon, ya ce da abincinki na kai nan.

Iyayen da ke nesa su ma suna da rabo. Yawancinmu muna da waya a aljihu, muna ƙona kuɗi a kallon abin da ba zai amfane mu ba. Mutum biyar a kowane masallaci su ɗauki alkawarin ba da aron wayarsu bayan sallar Juma'a, in rezo ya samu, yaro ya kira uwarsa ko ya aika mata saƙon murya na minti biyu, da Fulatanci ko Barbarci ko duk harshen da ta yi masa rainon goyo da shi. "Mi yetti" ɗaya daga bakin ɗanta ya fi mata buhun shinkafa. Malam ya riƙe lambobin iyaye a littafi, kamar yadda yake riƙe lissafin kuɗin Laraba.

Kada a manta da godiyar ɗalibai a junansu, domin mafi yawan sa'o'in yaro da tsaransa yake yin su. Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, da ya isa Madina ya ƙulla 'yan'uwantaka tsakanin baƙi da 'yan gari mutum da mutum, kamar Abdurrahman bin Auf da Sa'ad bin Rabi'. Bai wadatu da huɗubar cewa Musulmi duka 'yan'uwa ne ba, sai da ya haɗa wane da wane. Malami zai iya yin haka a ajinsa: ɗan gari da baƙo, mai jin Fulatanci da mai jin Barbarci, babba da ƙarami, kowa ya san wanda zai tambaya in bai gan shi a sallar Asuba ba. Ƙarshen wata kowannensu ya faɗi abu ɗaya da ɗan'uwan ya yi masa.

Yanzu ga rabonmu mu manya, kuma a ganina nan ne abin zai tsaya ko ya faɗi. Godiya tana buƙatar mai karɓa. Yaro ya yi kwana uku yana tara ƙarfin hali, ya zo ƙofarka yana rawar murya, kai kuma ka miƙo masa dala ashirin ta bayan ƙyaure ba ka dube shi ba, ka mayar da shi mabaraci a ranar da ya zo a matsayin mai bayarwa. Wallahi gara ba a aiko shi ba. In ya zo ka fito, ka ba shi wurin zama, ka saurara har ya gama, ka ce amin ga addu'arsa, ka tambayi sunan mahaifinsa ka riƙe. Kada ka ba shi kuɗi a wannan zuwan. Ka bari sai ka gan shi a masallaci bayan kwana biyu ka kira shi da sunansa a gaban mutane.

Akwai kuma hanyoyin da wannan aiki zai iya lalacewa, dole a faɗe su. Godiyar da aka tilasta ba godiya ba ce. Mun sha ganin an jera yara cikin rana suna rera yabon wanda ya kawo kwalin littattafai, ana ɗaukar hoto a watsa a Facebook. Wannan yana ƙara wa yaro jin cewa shi abin nuni ne. Mai alherin da ke jiran a gode masa, in ba a yi ba ya yi gori, ya tuna Suratul Baƙara aya ta 264, inda aka yi gargaɗin cewa gori da cutarwa suna ɓata sadaka, da Suratul Insan inda aka yabi masu ciyarwa ba don neman sakamako ko godiya ba. Umarnin godiya yana kan mai karɓa, ba hujja ba ce a hannun mai bayarwa. Mafi muni shi ne a mayar da godiya takunkumi. Akwai yarinyar da aka kawo karatu ta koma baiwar gida, daka da ɗiban ruwa har lokacin aji ya wuce. Akwai yaron da ake duka fiye da ƙima. In irin wannan ya buɗe baki aka ce masa "ba ka da godiya", an yi amfani da sunan ibada an danne zalunci. Shi ya sa yaro ne zai zaɓi wanda zai gode wa, ba malam ko mai masauki ba. Kuma malamin da ya ga wata shida sun wuce ɗalibi bai taɓa ambaton gidan da yake kwana ba, ya bincika.

Abin da ke cikin haɗari ya wuce ɓacin ran yaro. Mun ga samarin da aka ja zuwa daji, mun ga waɗanda suka dawo aka kai su cibiyar tubabbu ta Gudumariya, mun ga waɗanda ƙwaya ta cinye a cikin gari. Dalilan suna da yawa, ba zan rage su zuwa ɗaya ba. Amma mai farautar yara ya san wanda yake nema: wanda ba mai tambayarsa. Shi zai kira shi da suna, ya ce masa kana da amfani a wurinmu. In shi ne mutum na farko da ya taɓa gaya masa haka, da wane baki za mu yi mamaki?

'Ya'yanmu da ke karatu a Diffa, a Lise Idrissa Alawma ko jami'ar da aka kafa a 2014, su ma baƙi ne a ƙofar wasu, kilomita 75 daga gida. Yadda muke so a riƙe su can, haka za mu riƙe na wasu a nan. Buhari da Muslim sun ruwaito labarin Malik bin Huwairis da abokansa, samari tsararraki da suka zauna kwana ashirin suna karatu a wurin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam. Da ya lura kewar gida ta kama su, sai ya tambaye su waɗanda suka baro, sannan ya sallame su su koma su karantar da iyalansu. Kwana ashirin kacal, kuma shi ne ya fara lura. A cikinmu akwai yaron da ya shekara huɗu bai ga uwarsa ba. Duk ɗalibin Tumur da zai dawo hutu, iyayensa su tabbata bai baro Diffa ba sai ya zauna da mai masaukinsa ya gode masa, kuma uban ya bi da kiran waya.

Saura waɗanda wanda ya fi cancantar godiyarsu yana cikin kabari. Marayun daren Disamba suna cikin makarantunmu, haka marayun Bosso da na tsibiran tafkin Chadi. Addu'ar ɗa nagari tana isa ga mahaifinsa, kamar yadda ya tabbata a Sahihu Muslim, a koya musu ita su riƙe. Amma akwai wata ƙofa da sunna ta buɗe wadda ta dace da su ƙwarai. Muslim ya ruwaito cewa Abdullahi bin Umar ya haɗu da wani baƙauye a hanyar Makka, ya ba shi jakin da yake hawa da rawanin da ke kansa. Da abokan tafiyarsa suka yi mamaki, sai ya ce mahaifin mutumin masoyin Umar ne, kuma ya ji daga Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, cewa sada zumunci da masoyan uba yana cikin mafi girman biyayya. Maraya ba zai iya kai takarda kabari ba, amma zai iya kai ta ga wanda suka yi kiwo tare da mahaifinsa, ko suka yi su a tafki, ko suka haɗa rumfa a kasuwar da ta ƙone. A can zai ji abin da ba wanda ya taɓa gaya masa: yadda mahaifinsa ke dariya, abin da yake so, ranar da ya taimaki wane. Shi kuma dattijon zai ga fuskar abokinsa a fuskar yaron.

Waɗannan abokan suna nan cikinmu, wasu suna karanta wannan saƙo yanzu. Ina roƙon limamai da kwamitocin masallatai su yi sanarwa bayan sallar Juma'ar nan: duk wanda ya san mahaifin wani maraya daga cikin ɗaliban garin nan, ya je ya gaya wa malamin yaron kafin Laraba, domin a san ƙofar da za a tura shi ranar Alhamis.